Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa GCC Ke Faɗuwa a Kan Tsohuwar Kwamfutata?

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina aji biyu a sashen kimiyyar kwamfuta. Kwamfutata ta hannu ce, a Kano na saye ta, masarrafarta Core i5-2520M, kuma Linux ce a kanta. Wani abokina ya gina sabon GCC da kansa a kan kwamfutarsa mai Core i5-8250U, domin mu gwada sababbin abubuwan da aka ƙara wa C++. Don kada in ƙona data da lokaci, sai na kwafo foldar gaba ɗaya a filash. Ɗan shirin gaisuwa da na fara rubutawa ya fassaru lafiya. Amma da na rubuta na lissafin faɗin da'ira, na sa 3.14 a ciki, sai ya tsaya ya rubuto mini: internal compiler error: Illegal instruction. Na sake kwafowa har sau biyu, bai sauya zane ba. A wurin abokina kuwa lafiya lau yake aiki. Mai gyara ya ce in sauya RAM, in ba haka ba in sayar da kwamfutar in huta. Don Allah Malam, ta mutu ne? Daga ɗalibinka a Katsina.

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, ka kuma bar kuɗinka a aljihu tukuna. Bisa abin da ka bayyana, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, RAM ɗinta ma ba shi da laifi. An bar jaki ne ana dukan taiki. Matsalar tana cikin foldar da ka kwafo, kuma a cikin foldar ma na fi zargin laburare guda ɗaya mai suna GMP. An gina shi da awon masarrafar abokinka, wadda ta fito a 2017, taka kuwa ta 2011 ce. Shekara shida ke tsakaninsu, kuma a cikin waɗannan shekaru an ƙara wa masarrafa wasu umarnin da taka ba ta taɓa ji ba. Zan bi da kai daki-daki, domin in dai wannan sana'a za ka yi, kai da wannan saƙo za ku sake haɗuwa.

Abin da saƙon ke faɗa

Masarrafa, wadda masu gyara ke kira furosesa, tana da ƙayyadaddun umarnin da ta sani: tara, ɗebe, ninka, ɗauko daga ma'adana, mayar, tsallaka zuwa wuri kaza. Kowane umarni yana da lambarsa, kuma duk manhajar da ka taɓa buɗewa jerin irin waɗannan lambobi ce. Idan aka miƙo wa masarrafa lambar da ba ta cikin ƙamus ɗinta, ba ta kintace, ba ta kuma tsallakewa ta wuce. Tsayawa take yi cik ta kai ƙara wurin babbar manhaja. A Linux, babbar manhajar sai ta aika wa shirin sigina ta 4, mai suna SIGILL, wadda ita ce ake rubuto maka da Illegal instruction. A Windows lambar 0xC000001D za ka gani. Kada kalmar ta tsorata ka, ba wata doka ka karya ba. Masarrafar ce kawai ke cewa, wannan umarnin ban san shi ba.

Shi kuwa ƙamus ɗin ƙaruwa yake yi zamani bayan zamani. Intel ya kawo MMX a 1997, SSE a 1999 tare da Pentium III, SSE2 a 2000 tare da Pentium 4. AMD ya kawo tsarin bit 64 a 2003. Core 2 ta zo da SSSE3 a 2006, zuriyar Nehalem ta zo da SSE4.2 a 2008. Taka, ta zuriyar Sandy Bridge, ita ce ta fara AVX a 2011. Bayanta, a 2013, Haswell ta zo da AVX2 da FMA da BMI2, sai Broadwell ta ƙara ADX a 2014. Galibi sabuwar masarrafa ta san duk abin da tsohuwa ta sani, kamar yadda jika ke jin Hausar kakansa. Amma kakan, in jikan ya ɓarke da maganar 'yan zamani, sai dai ya bi shi da ido. Bambancin kawai shi ne kaka yana iya tambaya a koya masa, ita masarrafa da abin da aka ƙera ta da shi za ta ƙare. Babu wata manhaja da za ka sauke ta sa wa Core i5-2520M umarnin BMI2.

Me ya haɗa tafinta da 3.14?

GCC tafinta ne: yana karɓar rubutun shirinka na C ko C++ ya mayar da shi lambobin da masarrafa ke ji. Richard Stallman ne ya fitar da shi a 1987. Abin da ɗalibai da yawa ke mantawa shi ne, tafintan ma shiri ne, shi ma a kan masarrafarka yake gudana. Umarnin gcc da kake rubutawa madugu ne kawai, rabon aiki yake yi. Mai ainihin fassarar C sunansa cc1, na C++ kuma cc1plus. Su ne suke faɗuwa, ba shirinka ba, domin shirinka ko haihuwarsa ba a kai ga yi ba.

Su kuma ba su kaɗai suke aiki ba, suna jingina da laburare uku na lissafi. Laburare tarin ayyuka ne da wasu suka riga suka rubuta, shiri ya riƙa kira yana ara maimakon ya sake rubutawa. Na farko GMP, wanda Torbjörn Granlund ɗan ƙasar Suwidin ya fara fitarwa a 1991, aikinsa lissafi da lambobi komai tsawonsu. Na biyu MPFR, daga cibiyar bincike ta INRIA a Faransa, yana lissafin lambobi masu ɗigo daidai wa daida, kuma a kan GMP yake zaune. Na uku MPC, shi kuma a kan biyun yake zaune. Tun daga GCC 4.3 na 2008 ba a gina GCC sai da GMP da MPFR, daga GCC 4.5 na 2010 aka ƙara MPC.

To ga inda 3.14 ya shigo. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ajiye lamba, kuma 3.14 ba ya zama cif a wannan tsari, dole a nemo lambar da ta fi kusa da shi. GCC ba ya son ya yi kuskure ko na ƙwayar zarra a wannan wurin, don haka sai ya miƙa wa MPFR aikin, shi kuma ya kira GMP ya yi masa ninkawa. Shirin gaisuwarka babu lamba mai ɗigo a cikinsa, tafintan ya wuce bai taka wurin ba. Da ka rubuta 3.14, sai aka shiga ɗakin da baƙon umarnin yake kwance. Shi ya sa a C++ abin ya fi saurin bayyana: wani lokaci kiran iostream ko cmath kaɗai ya isa, domin suna janyo fayil ɗin limits, wanda ke ɗauke da iyakokin lambobi masu ɗigo. Mutum sai ya ga saƙon yana nuna wani layi a cikin fayil ɗin da bai taɓa buɗewa ba, ya ɗauka fayil ɗin ne ya lalace.

Telan da ke auna wanda ya tarar

Yawancin laburare, idan ka gina su ba ka ce komai ba, ana yi musu ɗinkin da kowa zai iya sawa. GMP dabam yake, kuma da gangan masu shi suka yi haka, domin sauri shi ne abin alfaharinsa. Lokacin da aka kunna configure, shirin da ke share fagen gini, yakan tambayi masarrafar da ke gabansa wace ce ita, sannan ya zaɓo rubutun da aka tsara musamman domin zuriyarta. Tela ne da ke auna duk wanda ya tarar a shago. A kan kwamfutar abokinka ya ga masarrafa mai BMI2 da ADX, sai ya ɗauko hanyar ninkawa mai amfani da umarnin mulx da adcx da adox. Bai tsaya nan ba, ya kuma gaya wa tafintan da ke gina shi ya yi amfani da duk abin da wannan zuriya ta iya, ta hanyar zaɓin da ake rubutawa -march. Rigar ta zauna wa abokinka ɗas. Kai da ka ara, ko wuyanta bai shige ka ba.

Akwai kuma wani abu da ke ɓoye. GMP yana rubuta zaɓuɓɓukan da aka gina shi da su a cikin fayil ɗinsa gmp.h, kuma idan aka zo gina MPFR ba a ba shi nasa zaɓin ba, daga can yake kwafa. Ke nan awon ya bi jini. Mutane da yawa sun gyara GMP kaɗai, suka ga GCC bai daina faɗuwa ba, suka ce ashe ba shi ba ne. Shi ne, sai dai ya riga ya shafa wa na kusa da shi.

Kafin magani, a tabbatar da cutar

Ban ga kwamfutarka ba, don haka kada ka ɗauki maganata ka hau gyara sai ka gwada. Akwai cututtuka uku da kan kayar da GCC, kuma mai gyaran naka ya rikita biyu daga ciki ne.

Idan RAM ne ya lalace, ko masarrafa ke zafi saboda fanka ta toshe da ƙurar hunturu, faɗuwar ba ta da tsari. Yau ta faɗi a wannan fayil, gobe a wancan, jibi ta wuce lafiya, kuma saƙon yakan zama Segmentation fault. Wannan shi ake gwadawa da Memtest86+, a bar shi ya kwana yana aiki. Idan kuwa RAM ɗin ne ya yi kaɗan, saƙon yakan ce Killed signal terminated program cc1plus, wato babbar manhaja ce ta kashe tafintan don ya cinye ma'adana. Maganinsa a rage yawan fassarar da ake yi a lokaci guda, ko a ƙara wurin musaya a kan faifai. Taka kuwa a wuri guda take faɗuwa kullum, da saƙo guda, kuma foldar nan ɗaya tana aiki a wata kwamfutar. Lalataccen RAM ba ya cika alkawari haka.

Ga yadda za ka kama ɓarawon da hannunka. Ka rubuta ɗan fayil mai layi ɗaya tak, ka sa masa suna gwaji.c, a cikinsa ka ce double x = 3.14; shi ke nan. Ka fassara shi da GCC ɗin da ka kwafo, ta hanyar gcc -c gwaji.c. In ya faɗi, ka wanke shirinka daga zargi, ka kuma samu ɗan ƙaramin ma'aunin da za ka riƙa gwada kowane gyara da shi. Ka karanta layukan da ke ƙarƙashin saƙon da kyau, domin sau da yawa GCC yana jero sunayen ayyukan da yake ciki lokacin da ya faɗi. In ka hangi gmp ko mpfr a cikinsu, ka kama hanya.

Daga nan ka tambayi masarrafarka abin da ta sani. Ka rubuta lscpu, ka duba dogon layin da ke jera gajerun sunaye. A taka za ka ga sse4_2 da avx, amma ba za ka ga avx2 ko bmi2 ko adx ba. Ka sa abokinka ya yi haka a tasa, ku jera biyun. Abin da ke tasa babu a taka, a cikinsa mai laifin yake. Mai Windows zai iya ganin wannan da CPU-Z.

Sai ka nemo laburaren da tafintan ke kira. Umarnin gcc -print-prog-name=cc1 zai nuna maka inda cc1 yake. Ka ba ldd wannan adireshin, zai jero maka kowane laburare da inda ake ɗauko shi. Ka kula da layin libgmp da na libmpfr. In daga foldar abokinka suke, ko daga /usr/local/lib, to ba na Linux ɗinka ba ne, baƙi ne. In kuma ba su fito a jerin ba sam, an ɗinke su ne a jikin cc1 lokacin gini. Ka kuma nemi gmp.h a cikin foldar, ka duba layin __GMP_CFLAGS. Idan ka ga -march ɗauke da sunan zuriyar da ta biyo bayan taka, kamar haswell ko broadwell ko skylake, tela ya bar takardar awonsa a aljihun rigar.

Hujja ta ƙarshe, wadda ba ta barin gardama, gdb, shirin bin diddigin kuskure, ne ke ba da ita. Ka rubuta gcc -wrapper gdb,--args -c gwaji.c, wannan zai buɗe cc1 a cikin gdb. Ka ce run. Zai tsaya daidai inda masarrafar ta ƙi. Ka rubuta x/i $pc, ya nuna maka umarnin da aka tsaya a kansa. Ka rubuta bt, ya nuna maka sunan aikin. In ka ga mulx ko shlx ko adox a cikin wani aiki mai suna irin __gmpn_mul_basecase, shari'a ta ƙare. Duk wannan binciken ba zai ci maka minti goma sha biyar ba, kuma ko kwabo ba ka kashe ba. A ƙarshen saƙon GCC yakan roƙe ka ka aika wa masu shi rahoton kuskure. A wannan karon kada ka aika, domin kuskuren ba nasu ba ne.

Magani, daga mai sauƙi zuwa mai wuya

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye foldar abokinka ka koma ga GCC ɗin da ya zo daga rumbun Linux ɗinka. A Debian da Ubuntu da danginsu, sudo apt install build-essential ya wadatar, kuma sukan ajiye sababbin fitowar GCC da lambarsu a gefe, ka duba ko wanda kake so yana nan. Masu waɗannan rumbuna sun san kwamfutoci iri-iri za su sauke kayansu, don haka suna yin ɗinkin kowa-da-kowa. Data ɗin da za ka kashe bai kai kuɗin motar zuwa wurin mai gyara ba. Amma ka lura: in ka taɓa zuba laburaren abokinka a /usr/local/lib, ko ka sa foldarsa a LD_LIBRARY_PATH, to GCC na rumbun ma zai iya ɗauko baƙon GMP ɗin ya faɗi. Ka cire shi, ka kunna sudo ldconfig, ka sake duba ldd.

Idan lallai GCC ɗin abokinka kake so, kuma ldd ya nuna GMP a matsayin fayil mai zaman kansa, sai a sake gina laburaren uku kawai. Kada ka yi ƙoƙarin gina su da tafintan da ke faɗuwa, wannan aikin makaho ne ya jagoranci makaho. Ka yi amfani da na rumbun, wanda ke /usr/bin/gcc, ko da Clang. In a kan taka kwamfutar ka gina, GMP zai auna ka ya ɗinka maka daidai, kuma abin da aka ɗinka wa taka zai shiga ta abokinka ma. In a kan tasa za a gina, sai a hana telan aunawa. Zaɓin --enable-fat yana sa GMP ya ƙunshi hanyoyin zuriya daban-daban, ya riƙa zaɓar wadda ta dace duk lokacin da aka kunna shi. Zaɓin --build=x86_64-pc-linux-gnu yana ce masa ya ɗauka masarrafar gama-gari ce mai bit 64. Kowanne ka zaɓa, ka kunna make check kafin ka girka, masu GMP da kansu suna nanata haka. Sannan ka bi jeri: GMP, sai MPFR, sai MPC.

In kuwa an ɗinke laburaren a jikin cc1, ko kuma abokinka ya sa -march=native lokacin gina GCC ɗin kansa, babu makawa sai an sake gini daga tushe. A nan akwai dabara mai sauƙaƙa rayuwa. A cikin foldar rubutun GCC akwai ɗan shiri mai suna contrib/download_prerequisites. Yana sauko da GMP da MPFR da MPC ya ajiye su a cikin foldar, sai a gina su tare da GCC, kuma ta wannan hanyar GMP ba ya auna masarrafar kowa. A kwamfuta irin taka mai ƙwaƙwalwa biyu aikin zai ɗauki awoyi, don haka ka zaɓi ranar da wuta ke zama, ko ka bar abokinka ya yi a tasa ya ba ka.

Ba kai kaɗai ba ne

Kada ka ɗauka tsufa ne kaɗai ke jawo wannan. Akwai sababbin kwamfutoci masu araha da ke ɗauke da Celeron N4020 ta 2019 ko N4500 ta 2021, waɗanda ba su da AVX kwata-kwata, alhali taka ta 2011 tana da shi. Pentium da Celeron da yawa na zamanin Haswell da Skylake ma an cire musu AVX. Mutum zai ɓare kwamfuta daga kwali, ya ci karo da saƙon nan, ya rasa inda zai sa kansa. Haka kuma kwamfutar da ke cikin kwamfuta, wadda ake kunnawa da QEMU: in ba a ce mata -cpu host ba, takan nuna wa baƙuwar manhaja wata masarrafa mai ƙarancin umarni, ko da injin na asali sabo ne fil. Docker kuwa ba ya ɓoye masarrafa, duk abin da aka gina da sabon awo zai faɗi a cikinsa kamar yadda zai faɗi a waje.

Saboda yawan wannan rikici ne, a 2020 Intel da AMD da Red Hat da SUSE suka amince da raba masarrafa zuwa matakai huɗu. Mataki na farko shi ne duk masarrafa mai bit 64. Na biyu, x86-64-v2, ya ƙunshi SSE4.2 da POPCNT. Na uku, x86-64-v3, ya ƙunshi AVX2 da BMI2 da FMA. Na huɗu ya ƙunshi AVX-512. Taka tana mataki na biyu, ta abokinka na uku, Core 2 Duo kuwa na farko. A Linux mai glibc 2.33 ko sama, in ka rubuta /lib64/ld-linux-x86-64.so.2 --help, a ƙasan bayanin zai nuna maka matakan da masarrafarka ta kai. Sanin wannan zai amfane ka wajen zaɓen Linux: Red Hat Enterprise Linux 9 na 2022 ba ya tashi sai da mataki na biyu, na 10 da ya fito a 2025 kuma sai da na uku, wato taka ta ɗauki na 9 amma ba ta ɗauki na 10 ba. Debian kuwa har yanzu matakin farko yake yi wa gini. A wasu manhajojin ma haka zancen yake: TensorFlow tun fitowa ta 1.6 a 2018 yake neman AVX a kayan da ya riga ya gina, MongoDB 5.0 na 2021 shi ma haka, Windows 11 ta 24H2 kuma ba ta tashi a kan masarrafar da ba ta da POPCNT. A irin waɗannan shirye-shirye, in suka faɗi a Linux, sau da yawa za ka ga lambar fita 132, wato 128 a tara da sigina ta 4.

Wannan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi waɗanda ke rubuta manhajojin. A ƙasashensu kwamfuta mai shekara goma ta tafi juji ko ta hau jirgin ruwa. A nan kuwa ita ce ke kan teburin ɗalibi da na shagon buga takardu da na ofis, kuma aiki take yi ba wasa. Don haka ranar da kai ma ka fara rubuta wa mutane manhaja, ka tuna da abin da ya same ka. Zaɓin -march=native yana da daɗi, amma ma'anarsa ita ce a ɗinka wa wannan injin shi kaɗai. Duk abin da zai bar kwamfutarka ya je ta wani, ka gina shi da -march=x86-64, in kana son ƙarin sauri ka haɗa da -mtune, wanda ke gyara tsarin aiki ba tare da kawo baƙon umarni ba. Kuma ka gwada a kan kwamfuta mafi tsufa da za ka iya samu, domin ita ce ba ta rufa wa kowa asiri.

Saboda haka ɗan'uwa, kada ka sayar, kada ka sayi RAM. Ka rubuta gwaji.c, ka kunna lscpu da ldd, ka bar gdb ya nuna maka umarnin da ido. In mulx ka gani ko ɗan'uwansa, ka girka GCC na rumbun Linux ɗinka yau ɗin nan ka ci gaba da karatunka, ginin sabo ya jira ƙarshen mako. In kuma ka ga wani abu dabam, ka rubuto mini abin da x/i $pc da bt suka nuna, mu duba tare. Ka gaida abokin naka, ka ce masa gaba in zai yi gini ya riƙa tunawa da masu tsofaffin injuna. Allah Ya ba da sa'ar karatu.